Iya Safara'u, Mai Ɗaura wa Gero Tsumma

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun amsa, kun ce ta zo mu ji ta. To ga ta ta zo, sai dai ku gyara zama, don wannan ba tatsuniya ba ce. Wadda zan ba ku labarinta tana nan da ranta a garinmu, Tsamiyar Dogo, in ka bar Sule Tankarkar ka bi hanyar rairayin nan mai ɓullewa Maigatari. Bana, shekara ta 1979, ta ajiye aikin da ta fi shekara ashirin tana yi, saboda idonta ya yi yana. Na ce ba zan jira sai ƙasa ta rufe ta sannan in yabe ta ba. Karatun yaƙi da jahilci na yi da girmana, hannuna ba ya sauri, bakina ne mai sauri, sai ku yi haƙuri da ni.

In damina ta yi nisa, gero ya fara fid da kai, Iya Safara'u takan idar da sallar asuba ta kurɓi ɗan kunu in akwai. Sai ta ɗauki ɗan tsamiya guda ta jefa cikin wani gora da ke rataye a bakin ɗakinta. Tun ranar shuka take jefawa, kullum ɗaya, don ta san kwana nawa geronta ya yi a duniya. Daga nan ta rataya 'yar jakarta ta saƙi, cike da tsummokin da ta yayyaga sili-sili daga tsofaffin zannuwa, ta nufi gayaunarta da ke bayan rijiya. Layi-layi take bi, tana ɗaga kai. Duk zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta fitowa, ta riga su bununi, ta riga su yin ƙwaya, sai ta ɗaura mata tsumma a wuya. Wadda aka ɗaura wa tsumma kuwa ta haramta ga wuta, ta haramta ga turmi. Iri ce.

Sai na faɗa muku yadda muke yi a da, sannan za ku gane abin da ta gani. A nan ƙasar tamu, lokacin da gero ke fara nuna shi ne lokacin da rumbu ya zama wayam. Saboda haka zangarniyar da ta fara yin ƙwaya, ita ake karyowa a gasa tumu. Wa ya ƙi tumu? Ni da nake ba ku labarin nan, har yau in na ji ƙamshinsa sai yawuna ya tsinke. In kaka ta yi kuma, maigida ya zauna gaban dammunan gero ya zaɓi zangarniyoyi dogaye masu kauri, ya ce waɗannan su ne irin baɗi. Haka kakanninmu suka yi, haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa tambaya.

Ita Safara'u daga wani ƙauye na wajen Damagaram aka kawo ta aure, da ƙullin irin geron babanta a cikin kaya, da kuma wannan al'ada tasa ta jefa 'ya'yan tsamiya a gora. Shekarar farko ta zazzage gora ranar da gero ya nuna, ta ƙirga saba'in da 'yan kai. Da mijinta Malam Haladu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, gayauna ta dawo hannunta ita kaɗai, ta zazzage ta ƙirga casa'in da biyar. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ba a taɓa sayo wani an haɗa ba.

A bakin rijiya ta faɗa mini, muna jiran layin guga.

Ta ce, "Talatu, geron nan bai sake hali don ra'ayin kansa ba. Mu ne muka sake shi."

Na ce, "Yaya, ta ina? Mu da ko magana ba ma yi da shi?"

Ta ce, "Ke da kika haifi tara, duk halinsu ɗaya? Wani ya yi tafiya da wata goma, wani sai da ya shekara da rabi. Haka gona take. A cikinta akwai masu sauri, akwai masu nawa. Kowace shekara sai mu gasa masu saurin mu cinye, mu aurar da masu nawa su hayayyafa. Yanzu jikokin wa kike so ki tarar a gonar?"

Na tsaya da guga a hannu har ta bayana ta ce in ba ja zan yi ba in ba ta wuri.

Daga shekarar nan ta fara ɗaurin tsumma. Kada ku ɗauka abin ya zo da sauri. Ɗa ba kullum yake ɗauko uwa ba, don iska takan kwaso bununi daga gonar maƙwabci ta zuba wa taka, uba ya zama wani daban. Shi ya sa ta roƙi ɗanta Ubale ya riƙa shuka gyaɗa da dawa a kewayen gayaunar, geron mutane ya yi nisa da nata. A farko, in ta ƙirga kara goma, ɗaya ne mai sauri. Bayan shekara biyar suka zama uku. Ta ci gaba, ta zaɓa, ta shuka, ta sake zaɓa daga cikin 'ya'yan waɗanda ta zaɓa. Shekara goma sha biyar ba ta fasa ba, har ya zama bakwai cikin goma suna nuna kafin gora ya cika sittin da biyar.

Sai dai zangarniyar gajera ce, kuma wannan ya ba mutane abin dariya. Shugaban masu dariyar shi ne Ɗantsoho, taubashinta, wanda gonarsa ke kan hanyar tata. Safara'u bahaguwa ce, da sunan yake kiranta.

"Bahaguwa, ina kwana? Yaya masu ciwon wuya? Na ga jiya an ƙara ɗaure wa wasu."

"Lafiya lau, sun ce a gaishe ka."

"Wai wannan gero ne ko wutsiyar akuya? Zo ki ga nawa, zangarniya kamu biyu!"

"Na gani. Dogo kamar mai shi, kuma kamar mai shi sai rana ta take yake tashi."

Haka suke kullum, mu kuma mu sha dariya mu wuce.

To, sai ga shekarar da aka canja kuɗi aka kawo naira. Wadda ta gabace ta, ta komawa tuƙin dama, dama ba a sami abin kirki ba, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara ta fita. Ruwa ya makara. Da ya zo aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake. Aka shiga cin tafasa da yaɗiya, ana dafa ganye ba ko ƙuli. A gidan Safara'u akwai jaririya 'yar wata huɗu, Rabi'atu, 'yar Ubale da matarsa Asama'u. Nonon Asama'u ya fara ƙafewa, yarinya ta rame har kukanta ya koma kamar na mage.

A cikin wannan hali geron gayauna ya yi ƙwaya. Duk faɗin garin, shi kaɗai. Na sauran mutane ko kai bai gama fitarwa ba. Ka tsaya a bakin rijiya ka hango tsummoki suna kaɗawa, ja da baƙi da shuɗi, kowanne a wuyan zangarniya mai ƙwaya, cikinka kuwa yana kuka.

Ina wurin da hantsi, na je roron ganye, sai ga Ubale da wuƙa da kwando. Mutum ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Iya, zan yanka."

Ta ce, "Yanki marasa tsumma. Duk wadda ta yi ƙwaya a cikinsu taka ce."

"Marasa tsumman ba su kai kwando ba. Iya, kin ga yarinyar nan da safe?"

"Na gan ta. Ni na yi mata wanka."

"To me ake ajiye iri dominsa, in wadda za ta ci baɗin ba ta kai baɗin ba?"

Wallahi da ni aka yi wa tambayar nan da na matsa na ba shi hanya. Safara'u kuwa ba ta matsa ba. Sai ta nuna masa gabas. Sama fes, ko gizagizai babu.

Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya rabonmu da ruwa. Dubi gonarka, dubi ta Ɗantsoho. In ruwan nan bai dawo ba, abin da ke wuyan tsummokin nan shi ne irin garin nan gaba ɗaya. In ka yanka, mun ci kwana takwas. Daga nan fa? Ba ni kwana biyu, Ubale. In ban samo wa Rabi abin sha ba, ni da hannuna zan kwance tsummokin."

Ya tashi ya tafi da kwandonsa, ko sallama babu. Ita kuma ta juyo ta kama hannuna.

Ta ce, "Talatu, gobe Alhamis. Ba ni da halin barin gonar nan ko na sa'a guda. Shiga ɗakina ki sauke jerena duka."

Tasoshinta ne na aure, na jan ƙarfe, waɗanda ta zo da su daga Damagaram, shekara hamsin tana goge su da toka. Washegari na ɗaure su a zane na aza a ka, na bi ayarin masu zuwa kasuwar Maigatari. A shekarar nan dabba ba ta da daraja, mutanen arewa sun kwararo da abin da ya rage musu suna neman mai karɓa. Na ba da tasoshin na karɓo akuya ja mai shayarwa, ƙashi da fata, amma hantsarta da ɗan nauyi. Na jawo ta muka iso da la'asar sakaliya. Safara'u ta riƙa zage ganyen ƙasa-ƙasa na geronta tana ba ta, da ciyawar da ke tsakanin layuka. Kwana uku akuya ta kawo nono. Ana tafasawa a sirka, a ɗura wa Rabi'atu da ɗan ludayi, saura a dama wa uwarta. Ita tsohuwar ban san abin da ta ci ba a kwanakin nan. Na tambaye ta sau biyu, ta ce in kula da abin da ke gabana.

Kwana goma sha biyu ta yi a gayauna daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, tana kaɗa gwangwani tana korar tsuntsaye, tana kuma korar mutane da idanu kawai. Amma sallar azahar takan koma gindin aduwa ta yi, kuma a nan aka shammace ta.

Wata rana da yamma tana zagaye, sai ta tsaya cak gaban wata zangarniya mai tsumma. Ta duba ta gaba, ta duba ta gaba da ita. Ta ce in kira mata Ɗantsoho. Ya zo yana jan ƙafa, yana kallon sama kamar mai duban hadari.

Ta ce, "Taubashi, zo ka ga abin mamaki. Zangarniya ta koma yarinya. Jiya da ƙwayarta, yau ko bununi ba ta gama ba."

"Ikon Allah! Shekarar nan ba abin da ba za a gani ba."

"Kuma tsumman ya kwance kansa ya sake ɗaurewa."

"Iska ce, Bahaguwa."

"Iskar ba bahaguwa ba ce, ashe. Duba ƙullina, duk hagu yake kwantawa. Waɗannan tara dama suka kwanta. Kuma iskar ta bar baƙin tumu a gemunka."

Ya kai hannu ya shafa gemu kafin ya tuna bai kamata ba. Abin da ya yi shi ne, ya kwance tsumma daga masu ƙwaya tara, ya ɗaura wa na kusa da su don kada lissafi ya ragu, ya je bayan gari ya gasa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, dariyar farko cikin wata guda. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Tara da ka ci na yafe maka, yunwa ce. Abin da ya fi ci mini rai, da ban gani ba da na zuba masu nawa cikin iri da sunan masu sauri. Da ka ɓata mini aikin shekaru, ba na kwana ɗaya ba."

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar, in ta tafi salla shi ke karɓar gwangwanin.

Ruwa bai dawo ba. Geron gari ya tsaya da dogayen kawunansa, ka murza ka ga ƙaiƙayi zalla. Daga gayauna aka ɗaure dami huɗu na masu tsumma. Ta sussuka da kanta, ta gauraya da toka, ta zuba a tuluna uku ta liƙe bakinsu da yumɓu. Maza suka watse ci-rani, Ubale ya tafi Kano bai yi mata cikakkiyar sallama ba. Muka rayu da dawar agaji da aka riƙa rabawa a Gumel, da abin da 'yan ci-rani suka aiko. Wasu gidajen sun tashi, har yau ba su dawo ba. Tulunan nan kuwa suna ƙarƙashin gadonta wata takwas, tana kwana a kansu da yunwarta.

Da ruwan shuka ya sauka, gari ya waye ba mai iri. Wasu sun gwada dawar agajin, ta yi kara ta ƙi haihuwa. Safara'u ta fasa bakin tulu a ƙofar gida, ta riƙa aunawa da ƙoƙo, gida-gida. Ba ta karɓi komai ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, da ƙoƙon take haɗa maka da ƙullin tsummoki.

"Na farkon nuna ba na wuta ba ne. In kana son tumu, jira na biyu."

Ubale ya dawo ranar da ake rabon. Ya tsaya a layi kamar kowa. Da ya iso gabanta ya durƙusa, ya miƙa hularsa don ba shi da ƙwarya. Ta zuba masa, ta ce, "Shiga ka ga 'yarka, tana tafiya." Iyakar abin da suka ce ke nan, kuma ya isa.

Daminar nan ma gajera ce, amma mun ci tuwo. Labari ya kai Gagarawa, ya tsallaka iyaka. Mutane suka riƙa zuwa da jakuna suna tambayar gidan mai irin nan, har sunan ya bi shi, ake ce masa Mai-tsumma.

Saura kaɗan mu sake yin wata wautar. Da muka ga amfanin gajere, sai kowa ya tsani dogo. Ɗantsoho, mai kamu biyu, ya kwashe ragowar tsohon irinsa zai zuba wa jaki. Ta tare shi a hanya ta ƙwace.

"Jiya ka cinye masu sauri, yau za ka ba jaki masu nawa. Kai dai ba ka iya zama a tsakiya ba?"

"Ba ke kika ce ba su da amfani ba?"

"Yaushe na ce? Ka san irin daminar da za a yi shekara biyar nan gaba? Ni ban sani ba. A bar kowane hali a cikin gona, shekara ta zo ta zaɓi nata."

A kowane ƙoƙo biyar na iri takan zuba ɗaya na dogon. Malam Hussaini, malamin gona da ke zuwa daga Gumel a kan babur, ya zauna da ita yini guda yana rubutu. Ya ce abin da take yi yana nan cikin littattafan makarantarsu: kowace ƙwaya tana ɗauke da gadon uwa da na uba, kuma halin da aka bari ya hayayyafa shi ke yawaita a gona har ya rinjayi sauran. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce gora. Bara kuwa, da aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, gajeren ya nuna cikin ruwa, rabi ya yi funfuna, tsuntsaye suka taru a kan saura. Dogon nan da aka hana jaki shi ya cika mana rumbu.

Yaya Safara'u, na san za a karanta miki wannan, kuma na san za ki ce Talatu ta cika surutu. Ki bar ni in yi. Ke ce kika dubi abin da dubban idanu suka duba ba su gani ba. Ke ce kika tsaya tsakanin ɗanki da gona, zuciyarki na wajen jikarki, ba ki saki ko ɗaya ba. Ke ce kika kwana kan hatsi wata takwas da yunwa. Uwar iri, bahaguwa mai ƙullin da ba ya ɓata. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba wanda ya ba ki ko ƙyallen yabo, amma duk wanda ya kai loma baki a garin nan ya ci daga hannunki. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki gama lafiya.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da gayauna ba. Mai tumaki ya duba wace tunkiya yake yankawa da salla, wace yake bari ta haihu. Mai kaji ya duba. Abin da kuka bari yau shi jikokinku za su tarar, saboda haka ku zaɓa da ido a buɗe, kuma kada ku ƙarar da wani iri don ya ba ku haushi shekara ɗaya. In akwai irin Safara'u a garinku, ku je ku gaishe ta tun tana jin gaisuwar.

Ranar shukar bana ta kira Asama'u ta rataya mata jakar saƙin, ta miƙa mata goran. Asama'u ce ke zagaya gayauna yanzu, ƙullinta dama yake kwantawa, an kuma sanar da Ɗantsoho cewa duk da haka ana gane shi. Shi Ɗantsohon haƙoransa sun zube, tumu ya fi ƙarfinsa, sai dai ya zauna kusa da masu gashi ya sha ƙamshi. Malam Hussaini an mayar da shi wani gari, ya tafi da mudu biyu na Mai-tsumma. Ubale yana noma gonar ubansa, ya sayo wa uwarsa tasa ɗaya a Maigatari, ya ce saura suna tafe. Akuyar nan ja ta mutu bara, ta bar jikoki goma sha ɗaya, ba a yanka ko ɗaya ba. Rabi'atu ta shiga aji ɗaya, ta fi duk sa'o'inta tsawo. Iya Safara'u tana zaune a ƙofar ɗakinta. In an kawo zangarniyar farko a sa mata a hannu, ta shafa ta daga gindi har kai, ta faɗi kwananta. Bana ta ce sittin da huɗu. Aka zazzage gora, sittin da huɗu ne.